Otirobat: sabon laƙabin masu son mutane amma ba sa shiga ƙungiya

Otirobat, wadda a Turance ake rubutawa otrovert, sabuwar kalma ce da ta bazu a jaridu da kafofin sada zumunta a shekarar 2025. Da ita ake nufin mutumin da yake da fara'a da iya zama da mutane, yana da aminai, ana jin daɗin hira da shi, amma zuciyarsa ba ta ɗauruwa da kowace ƙungiya. Zai je ɗaurin aure, zai yi gaisuwar mutuwa, zai taimaka wa maƙwabci idan ta taso, sai dai da zarar an ce a kafa ƙungiya, a ɗinka anko, a zaɓi shugaba da ma'aji, sai a neme shi a rasa. Ko an tilasta masa ya zauna a cikin taron, ji yake kamar baƙo ne da ya zo kallo.

Har yanzu kalmar ba ta samu karɓuwa a matsayin tabbataccen ilimi ba. Amma abin da take nunawa sananne ne ga duk wanda ya taɓa zama a kasuwa ko a ofis, kuma a ƙasar Hausa tana tayar da wata tambaya da wanda ya ƙirƙiro ta bai cika damuwa da ita ba: me mutum yake rasawa idan ya ƙi shiga sahu, a wurin da bashi da lamuni da alfarma duk ta hanyar jama'a suke zuwa?

Asalin kalmar

Wanda ya ƙirƙiro ta shi ne Dokta Rami Kaminski, likitan ƙwaƙwalwa da ke aiki a birnin New York na Amurka. Ya gabatar da ita a littafinsa mai suna The Gift of Not Belonging, wato baiwar rashin zama ɗan kowane rukuni, wanda ya fito a 2025. Ya haɗa ta ne daga kalmar Sifaniyanci otro, mai ma'anar “wani daban”, da wani tushen Latin mai ma'anar juyawa ko fuskanta. Ma'anarta ke nan mutumin da ya fuskanci wata alƙibla ba wadda jama'a suka fuskanta ba.

An gina ta a kan kalmomi biyu da suka girme ta da shekara ɗari. A 1921 masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwizalan, Carl Jung, ya wallafa littafin da ya yayata rabon mutane gida biyu: intirobat, wanda hankalinsa ya karkata ga abin da ke cikin ransa, da ekstirobat, wanda hankalinsa ya karkata ga mutane da abubuwan da ke kewaye da shi. Jung da kansa ya yi gargaɗi daga baya cewa babu wanda yake zalla ɗaya daga cikin biyun. A 1923 wani masani Ba'amurke, Edmund Conklin, ya yi rubutu a kan na tsaka-tsaki, wanda ake kira ambibat.

Kaminski ya ce waɗancan ukun duk amsa suke bayarwa ga tambaya guda, wato yawan cuɗanya da mutum yake so. Tasa tambayar daban ce. Idan mutum ya shiga cikin jama'a, shin yana jin ya zama ɗaya daga cikinsu? Intirobat yana iya zama ɗan jam'iyya na gani-kashe-ni ko da ba ya yawan magana, ekstirobat kuwa shi ne mai riƙe da lasifika. Dukansu 'yan gida ne. Otirobat shi ne wanda aka buɗe wa ƙofa, aka shimfiɗa masa tabarma, ya zauna ya yi hira har aka yi dariya, amma bai taɓa jin gidansu ba ne.

Siffofin da aka zayyana

A bayanin Kaminski, irin wannan mutum ya fi sakewa a hirar mutum biyu fiye da ta taro. Ba kunya ce ke damunsa ba, ba kuma tsoron mutane ba. Sau da yawa ma yakan iya tsayawa gaban jama'a ya yi jawabi ba tare da gargada ba, domin a lokacin yana da aikin da yake yi. Abin da ke gajiyar da shi shi ne zaman da ake bukatar kowa ya ji abin da kowa yake ji: shewar 'yan kallon ƙwallo, taken jam'iyya, rantsuwar kama aiki a ƙungiya. Likitan ya kwatanta yadda zukatan mutane suke haɗuwa a taro da yadda wayoyi suke kama juna ta Bluetooth, ya ce na otirobat ba ya kamawa. Ya kuma ba da labarin cewa shi kansa ya fara lura da haka tun yana yaro a ƙungiyar sikawut, inda ya ga takwarorinsa sun cika da shauƙi wurin rantsuwa shi kuwa bai ji komai ba.

Daga nan ya ɗora da'awar da ta fi jan hankali, cewa wannan hali baiwa ce. Wanda bai damu da yardar taro ba, in ji shi, ya fi iya tunani da kansa, kuma ba a saurin kaɗa shi zuwa ƙiyayyar wani ɓangare. Ya kawo sunayen mashahurai irin su Albert Einstein da Franz Kafka da Frida Kahlo a matsayin misalai. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan ja birki. Liƙa wa mamaci laƙabin da bai taɓa ji ba abu ne mai sauƙi, tun da ba zai tashi ya musa ba.

Matsayinta a wurin masana

Otirobat ba cuta ba ce, ba ta cikin kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya ko na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, kuma Kaminski bai ce cuta ce ba. Matsalar ita ce ba ta cikin ma'aunan halayya da aka daɗe ana gwadawa. Ta fito ne daga abin da likita ɗaya ya lura da shi a kan kansa da waɗanda yake dubawa, kuma gwajin tambayoyi da ke yawo a intanet daga cibiyar da shi ya kafa yake.

Ma'aunin da masu bincike suka fi dogara da shi yau yana auna mutum ne ta manyan fuskoki biyar, kuma ba ya raba mutane gida-gida. Kowa yana wani mataki ne tsakanin ƙasa da sama, mafi yawa kuma a tsakiya suke. A tsarin Paul Costa da Robert McCrae na 1992, son cuɗanya kansa ya kasu rassa shida, daga ciki akwai sakin fuska ga mutum ɗaya-ɗaya, akwai kuma son taro. Wanda ya yi sama a na farko ya yi ƙasa a na biyu, ya ɗauko mafi yawan kamannin otirobat. Saboda haka akwai hujja mai ƙarfi ta cewa tsohon kaya ne aka sake wa mazubi.

Akwai kuma wani tarko da ke tattare da duk irin waɗannan laƙubba. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya raba wa ɗalibansa 39 takardu, ya ce kowa bayanin halinsa ne na musamman. Da aka ce su auna dacewar bayanin daga sifili zuwa biyar, matsakaicin makin ya kai kusan 4.3. Ashe takarda iri ɗaya ya ba kowa, kuma daga littafin taurari ya tsinto jimlolin. Wa zai ƙi a ce masa shi mai tunani ne da kansa, ba ɗan amshin Shata ba? Yawan masu cewa “ni ne wannan” ba ya tabbatar da ingancin laƙabi.

Duk da haka ba daidai ba ne a yi watsi da batun gaba ɗaya. Bincike ya tabbatar da ƙarfin da taro yake da shi a kan mutum. A gwaje-gwajen Solomon Asch na shekarun 1950, an zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, aka nuna layuka aka ce a faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo. Da 'yan haɗin bakin suka riƙa faɗin amsar da ido ke gani ba daidai ba ce, kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin mutanen sun bi taro, kuma kimanin mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Amma kimanin ɗaya cikin huɗu bai bi ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi muhimmanci ga mai zaman kwamiti shi ne, da Asch ya sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya, bin taron ya ragu ƙwarai. A Ingila kuma, a farkon shekarun 1970, Henri Tajfel ya raba 'yan makaranta a birnin Bristol gida biyu bisa wani dalili maras tushe, wai wane mai zane suka fi so, nan take suka fara fifita 'yan ɓangarensu wajen rabon maki. Wanda wannan igiya ba ta kama shi da sauri yana da amfani a kwamitin bincike, a wurin sulhu, da wurin rabon gado.

Bahaushe ya san shi

Hausa tana da sunaye da yawa ga wanda ya ware, kuma kusan dukansu na zargi ne: miskili, bauɗaɗɗe, mai girman kai, wanda ba ya shiga mutane. Karin magana ma ɓangaren taro ta fi karkata, daga hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka zuwa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Mafi kusa da sabon laƙabin shi ne ɗan ba-ruwana, ko da yake shi ma yana ɗauke da ƙanshin rashin kulawa. (Abin dariya, ƙasashen da suka kira kansu 'yan ba-ruwanmu ma sai da suka taru a Belgrade a 1961 suka kafa ƙungiya.)

Amma idan aka duba da kyau, Bahaushe ya bambance abubuwa biyu da baƙo zai iya cakuɗawa. Akwai zumunci da haƙƙin maƙwabtaka, akwai kuma ƙungiyanci. Na farko wajibi ne da ba a yafe wa kowa: zuwa jana'iza, dubiya, barka, amsa gayyata. Na biyu zaɓi ne. A laccarsa da aka buga a 1974 a kan mutumin kirki a wurin Hausawa, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk cikinsu babu wadda ta ce sai mutum ya yanki katin wata ƙungiya. Kowace ɗaya ana gane ta ne a mu'amalar mutum da mutum, wato daidai filin da aka ce otirobat ya fi ƙwarewa.

Kowace unguwa ta san irin wannan dattijo. Ba a ganinsa a majalisa bayan la'asar, ba a san jam'iyyarsa ba, masallacin da ya fi kusa da shi yake salla ba tare da tambayar na wane ɓangare ne ba, amma idan rigima ta ɓarke tsakanin gida biyu shi ake aika wa, domin kowa ya san ba shi da ɓangare. Mutane suna gulmarsa, suna kuma ba shi ajiya.

Abin da tsayawa a gefe yake ci

A nan ne littafin Kaminski ya gaza kai wa ga rayuwarmu. Ya rubuta shi ne daga birnin da mutum zai iya karɓar rance da inshora da fansho ba tare da wani ya tsaya masa ba. A kasuwannin Hausa kuwa amana ita ce jari, kuma amana tana bukatar wanda zai ce “na san shi”.

Masanin zamantakewa Abner Cohen ya nuna haka a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo da ke Ibadan. Cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu a kan bashi yake tafiya, ba takarda ba kotu. Fatake suna sauka a wurin maigida, dillalansa suna sayar wa mahauta shanu bashi, shi kuma maigida ya ɗauki lamuni. Abin da ya riƙe tsarin shi ne kowa ya san idan ya ci amana unguwa za ta juya masa baya. A farkon shekarun 1950, lokacin da siyasar jam'iyyu ta fara raunana ikon sarkin Sabo, mazauna unguwar suka rungumi ɗarikar Tijjaniyya da yawansu, suka kuma ware masallacin Juma'arsu. A fahimtar Cohen, wannan ya sake ɗaure jama'ar wuri guda ya kare kasuwancinsu. Ɗan kasuwar da ya ce shi ba ya shiga, a irin wannan wuri, ya yanke wa kansa hanyar abinci ne.

Abin bai canza sosai ba. A Kantin Kwari da Singa da Dawanau, ƙungiyar 'yan kasuwa ce take shiga tsakani idan an yi saɓani da hukuma a kan haraji ko rumfa, kuma wanda yake cikin adashi ya fi saurin samun kuɗin sarin kaya. A karkara ma haka ne. Manomi a Sundimina ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ko a ƙauyukan Gwaram, ya gaji gandu da gayya, inda wanda bai je gonar wani ba kada ya sa ran a zo tasa. Shirye-shiryen gwamnati sun ƙara ɗaure wannan igiya: shirin Fadama ta ƙungiyoyin manoma yake bi, haka shirin rancen manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya shar'anta manoma su haɗu rukuni-rukuni. Wanda ba ya son taro, ko ya daure ya shiga, ko taki da iri su wuce shi.

Ga ma'aikacin gwamnati doka ta ba da sarari. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, kuma gyaran dokar ƙungiyoyin ƙwadago na 2005 ya fayyace cewa zama mamba ganin dama ne, ba a tilasta wa ma'aikaci, ba a kuma muzguna masa don ya ƙi. Sai dai abin da ke rubuce daban, abin da ke gudana a ofis daban. Labarin gurbin ƙaro ilimi ko sauyin wurin aiki yakan fara yawo ne a zauren WhatsApp na 'yan aji ɗaya ko 'yan gari ɗaya kafin ya hau allon sanarwa. A siyasa kuwa ƙofar a rufe take ruf: tsarin mulki ya shar'anta duk mai neman kujerar shugaban ƙasa ko gwamna ko majalisa ya zama ɗan jam'iyya kuma ita ta tsayar da shi.

Saboda haka mafi yawan masu wannan hali a nan ba sa ficewa. Suna biyan kuɗin wata, suna sa hannu a rajista, suna zama a kujerar baya, suna ƙin karɓar muƙami. Wanda yake shugabantar irinsu zai fi cin moriyarsu idan ya ba su aiki takamaimai, kamar binciken asusu ko rubuta rahoto, ya daina auna biyayyarsu da yawan tafi.

Tsohuwar muhawarar malamai

Tun kafin likitocin Turai, malaman Musulunci sun tattauna wannan batu a ƙarƙashin uzla da cuɗanya. Imam al-Khaɗɗabi ya keɓe masa littafi sukutum a ƙarni na 10. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware masa babi a Ihya'u Ulumiddin, inda ya jero fa'idodi shida na keɓewa da bakwai na cuɗanya, ya kuma ƙi yanke hukunci guda ga kowa. Ya ce abin ya danganta da halin mutum da na waɗanda zai zauna da su. Ya yi wani gargaɗi da ya dace da masu rungumar sabon laƙabin da murna, cewa sau da yawa girman kai ne yake ɓuya a rigar keɓewa, mutum ya ƙi taro don yana tsoron ba za a ba shi matsayin da yake ganin ya cancanta ba. Akwai kuma hadisin da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ya fifita muminin da yake cuɗanya da mutane yana haƙuri da cutarwarsu a kan wanda ba ya yi.

Tarihin ƙasar nan ma yana da misalin wanda ya tsaya a gefen jama'arsa alhali yana tsakiyarta. Wajajen 1807, ana tsakiyar jihadi, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya da neman mulki sun fara shiga cikin rundunar da shi kansa yake cikin jagororinta. Ya bar su ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya, ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkam a kan yadda ake gudanar da mulki bisa shari'a, daga baya ya koma. Ba za a kira shi otirobat ba, domin abin da ya fitar da shi aƙida ce ba ɗabi'a ba, kuma komawa ya yi ya ci gaba da ɗaukar nauyin jama'a har ya riƙe Gwandu. Abin lura kawai shi ne littafin da Kanawa suka amfana da shi ya fito ne daga hannun wanda ya iya ja da baya ya dubi nasa da idon baƙo.

Inda ake bukatar hattara

Haɗarin da ya fi kusa shi ne mutum ya ɗauki laƙabin ya rufe wata matsala da take bukatar magani. Yadda aka siffanta otirobat, halin nasa tun yarinta yake, yana da aminai na ƙut-da-ƙut, kuma ba ya cikin ƙunci saboda rashin ƙungiya. Wanda yake son shiga mutane amma gabansa yana faɗuwa, yana gumi, yana tsoron a yi masa dariya, wannan tsoron cuɗanya ne, kuma ana maganinsa. Wanda da can mai shiga jama'a ne sai kwatsam ya janye, barci da cin abinci suka rikice, abin da yake so a da ya daina ba shi sha'awa, har aka yi mako biyu ko fiye a haka, alamun ciwon damuwa ne. Wanda kuma ya fara zargin kowa da ƙulla masa sharri, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, a hanzarta kai shi asibiti.

Iyaye da magidanta su ne suka fi bukatar wannan bambancin, domin su ne suke yanke hukunci a kan yaron da ya ƙi shiga ƙungiyar samarin unguwa ko matar da ba ta son zaman biki. Tambayar da ta fi amfani ita ce ko yana da mutum ɗaya ko biyu da yake buɗe wa cikinsa, kuma ko halin sabo ne ko tsoho. Idan sabo ne, ko ya zo da alamun da aka ambata, ana iya farawa daga babban asibiti mafi kusa, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, daga nan a tura shi ga ƙwararru. Akwai asibitin masu taɓin hankali a Kazaure da na Dawanau a Kano, da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sai kuma manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna da Kware a Jihar Sakkwato.